Matsalolin Sauraren Sauti ta Intanet da Tasirinsu ga Bayanan Harshe

Gabatarwa

A ƴan shekarun nan, ɗalibin kimiyyar harshe da ke Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa ba ya bukatar akwatin rediyo kafin ya ji yadda ake Hausa a wurare masu nisa. Da salularsa kaɗai yana iya sauraren Muryar Sahel, ko shirye-shiryen Studio Kalangou, ko sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare irin su DW da BBC, ko karatun wani malami na Sakkwato, ko hirar da aka yi da mazauna zango a Kumasi. Ga mai nazarin karin harshe wannan babbar taska ce, domin a da sai an yi tafiyar kwana da kwanaki da rakoda kafin a samu irin wannan magana.

Sai dai duk wanda ya taɓa zama domin rubuta abin da yake ji daga intanet ya san halin da ake shiga. Ana tsakiyar jimla sai murya ta ɗauke, wata ƴar da'ira ta kama juyawa a fuskar salula, in muryar ta dawo kuma sai a ji ta kamar daga cikin rijiya. Matsalolin nan iri biyu ne. Akwai wadda ke hana ji baki ɗaya, wadda iyakar ɓarnarta ɓacin rai da asarar lokaci. Akwai kuma wadda ke barin sauti ya fito amma ta taɓa shi ta yadda kunne ba zai lura ba. Ta biyun ce ta fi haɗari ga ɗalibi, domin tana iya shiga kundin digiri a matsayin sakamakon bincike alhali aikin na'ura ce. Wannan maƙala za ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Zangunan da sauti ke bi

Kafin murya ta iso kunnen mai saurare takan ratsa zanguna huɗu: tushe, wato gidan rediyo da uwar garkensa, hanya, wato rezo, na'ura, wato salula ko kwamfuta, sai kuma abin da ke fitar da sautin, lasifika ko na'urar kunne.

A tushe ake mayar da murya lambobi. Na'ura takan auna igiyar sauti sau dubbai a kowane sakan, misali sau 44,100 kamar yadda ake yi wa faifan CD. Sautin da aka ɗauka haka, ko da layi ɗaya ne, yakan ci sama da mega 5 a minti guda, abin da ya yi wa yawancin rezo nauyi. Saboda haka ake matse shi da tsare-tsare irin su MP3, AAC da Opus. Matsewar nan zubarwa ce: tsarin yakan yar da ɓangarorin sautin da aka ƙiyasta kunnen mutum ba zai kula da rashinsu ba. Daga nan sai a yayyanka abin da ya rage zuwa ƙananan ƙunshe-ƙunshe, a aika su ta hanya.

Ƙunshe-ƙunshen ba sa isowa da tazara ɗaya. Don haka manhajar saurare takan tanadi ɗan ma'aji, wanda aikinsa ya yi kama da na randa a gidan da famfo ke kawo ruwa yana ɗaukewa. Muddin abin da ke shiga randar ya kai abin da ake ɗiba, mutanen gida ba za su san famfo ya ɗauke ba. Idan ɗiba ta fi zuba, randa ta ƙafe, sai a jira. Wannan jiran shi ne ma'anar da'irar da ke juyawa.

Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Kafin a taɓa komai, gwaji uku sun isa su nuna zangon da ciwon yake. Na farko, a buɗe wata tasha a salula ɗaya da rezo ɗaya. In ta yi aiki, laifin na tashar farko ne. Na biyu, a buɗe tashar farko da wani rezo dabam; in ta yi aiki, laifin na hanya ne. Na uku, a buɗe ta a wata salula. In ta yi aiki, laifin na na'ura ne. Sharaɗin gwajin shi ne a canza abu ɗaya tak a kowane karo. Wanda ya kashe salula, ya sauya layi, ya goge manhaja duk a lokaci guda, ko da sautin ya dawo bai san abin da ya dawo da shi ba, kuma gobe zai sake faɗawa cikin matsalar.

Idan sauti ya ƙi fitowa

In lambobin lokaci suna tafiya a fuskar manhaja amma ba a jin komai, to sautin ya iso, fitarsa ce ta gagara. Abin dubawa na farko shi ne ƙarfin murya, domin salula tana da ma'aunin ƙararrawar kira dabam da na kiɗa da bidiyo. Na biyu shi ne Bluetooth: sau da yawa salula takan haɗu da wata lasifika ko na'urar kunne da ke cikin jaka, sautin ya tafi can. Na uku ya shafi yankinmu musamman. Ƙurar hunturu takan taru a ramin da ake soka na'urar kunne, har salula ta ɗauka an soka wani abu, ta rufe lasifikarta. Tsinken itace siriri da haƙuri sun isa su share shi, amma kada a soka ƙarfe.

In kuwa lambobin lokaci ba su motsa ba, sautin bai iso ba ke nan. Yawancin manhajojin shiga intanet ba sa barin shafi ya fara fitar da sauti da kansa sai an danna alamar kunnawa. Haka kuma idan kwanan wata da agogon salula suka kauce, kamar yadda kan faru bayan batir ya mutu sarai, na'urar takan ƙi amincewa da shaidar tsaro ta shafin, ta rufe ƙofa. Gyara agogo kawai ke buɗe ta. Akwai kuma forfe da ake saya domin WhatsApp ko Facebook kaɗai, wanda saƙonni za su yi ta shiga amma shafin rediyo ba zai buɗe ba. A wifin makaranta ko na otal kuma, wani lokaci sai an shiga wani shafi an rubuta suna da kalmar sirri kafin hanya ta buɗe.

Lambobin da shafi ke nunawa suna da ma'ana tabbatacciya. Lamba 404 tana nufin babu komai a wannan adireshin, galibi don tashar ta sauya wuri. Sai a koma shafinta na asali a ɗauko sabon adireshi. Lamba 403 tana nufin an ga mai nema amma an hana shi, wani lokaci saboda an keɓe shirin ga wasu ƙasashe. Lamba 503 tana nufin uwar garke ta kasa ɗaukar nauyi a wannan lokacin, kamar yadda kan faru idan wani babban labari ya sa jama'a sun yi cincirindo. A kan wannan babu abin yi sai jira. Ƙananan gidajen rediyo kuma sukan aika shirinsu daga kwamfuta guda, wadda in kuran ya ɗauke ta mutu, ko da injin watsawa ta FM yana ci gaba da aiki.

Idan sauti yana yankewa

Yankewa alama ce ta randa na ƙafewa. Ana auna nauyin sauti da kilobit a sakan, kuma lissafinsa mai sauƙi ne. Tasha mai kilobit 32 takan ci kimanin mega 14 a awa guda, mai 64 kimanin mega 29, mai 128 kuma kimanin mega 58. Wannan lissafin yana gaya wa ɗalibi abu biyu: ko rezonsa zai iya ɗaukar tashar, da kuma yawan kuɗin da sauraren awa goma zai ci masa.

Harafin da ke kusa da sandunan rezo ya fi sandunan kansu bayani. Harafin E yana nuna tsohuwar hanya mai kunci, wadda da ƙyar take ɗaukar tasha mai nauyi. H ko H+ sun fi ta. 4G kuma ta wadatar. Su sandunan ƙarfin haɗuwa tsakanin salula da eriya mafi kusa kawai suke nunawa. Ba su faɗin yawan mutanen da ke rabon wannan eriyar. Shi ya sa a unguwar ɗalibai, bayan sallar isha'i, sanduna kan cika amma sauti ya yi ta tsayawa, alhali da asuba tashar nan ɗin tana tafiya lafiya lau.

A cikin salular ma akwai masu cin rabon. Sabunta manhajoji, ɗora hotuna da sauke bidiyon ƙungiyoyin WhatsApp duk suna ɗiban ruwa daga famfo ɗaya, don haka a tsayar da su lokacin saurare. Idan sauti yana mutuwa ne ƴan mintoci bayan fuskar salula ta yi duhu, mai laifin shi ne tsarin tattalin batir, wanda ke kashe manhajojin da ba a kallo. Sai a shiga saituna a cire manhajar saurare daga cikinsu. Zafi ma yana da nasa rabon. A watannin Afrilu da Mayu, salular da ake caji ana kuma saurare da ita takan yi zafi har ta rage saurin aikinta don kare kanta. Cire mata riga da ajiye ta a inuwa sukan kawo sauƙi.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kowa. Nijar ba ta da gaɓar teku, saboda haka yawancin hulɗarta da intanet ɗin duniya yana bi ta wayoyin da suka ratsa maƙwabtan ƙasashe zuwa waɗanda ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku. A watan Maris na 2024 da wasu daga cikin waɗannan wayoyi suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama sun shiga ƙuncin intanet, har da Nijar. A irin wannan rana sauya saituna ɓata lokaci ne.

Maganin da ya fi kowane inganci ga mai bincike shi ne ya daina dogaro da saurare kai tsaye. In tashar tana ajiye shirye-shiryenta, a sauke shirin gaba ɗaya a lokacin da rezo ke da sarari, a saurare shi daga salula. Saukewa ba ta damu da tsayawar hanya ba, domin komai jinkirinta a ƙarshe fayil ɗin zai cika.

Idan sauti ya fito a gurɓace

Ƙaraf-ƙaraf ko jin murya a kunne ɗaya galibi daga wayar na'urar kunne ne ko bakinta da bai shiga sosai ba. Gwada wata na'urar yana raba gardama. Amsa-kuwwa, inda ake jin magana sau biyu, yakan faru idan an buɗe tasha ɗaya a shafi biyu. Murya mai sauri fiye da kima kuma sau da yawa daga maɓallin saurin saurare take, wanda ake dannawa bisa kuskure ya koma 1.5 ko 2.

Na'urar kunne ta Bluetooth tana da hali biyu. Tana da yanayin sauraren kiɗa mai faɗi, tana kuma da yanayin kiran waya mai kunci. Da zarar wata manhaja ta buɗe makirufon na'urar, sai ta koma yanayi na biyu, murya ta dushe nan take. Wanda ke aikin rubuta magana ya fi kyau ya yi amfani da na'urar kunne mai waya, ya kuma kashe duk wani tsarin ƙawata sauti da salula ke da shi. Idan kuwa muryar tana tsagewa a duk inda mai magana ya ɗaga ta, a kowace na'ura aka gwada, to tun a wurin ɗauka aka cika mata ƙarfi. Wannan ɓarna ba ta gyaruwa daga wajen mai saurare.

Abin da ya shafi masanin harshe

Kunnen mai jin Hausa gwani ne wajen cike giɓi. Idan sauti ya raunana, ma'anar jimla takan gaya masa kalmar da ta dace, ya kuma rantse cewa ya ji ta. Wannan baiwa ce a hira ta yau da kullum, amma tarko ce a nazarin furuci. Ga wuraren da tarkon ya fi kamu.

Na farko su ne baƙaƙe zuzau. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga kimanin Hz 20 zuwa 20,000, amma tsohon layin tarho yana wucewa da abin da ke tsakanin 300 da 3,400 ne kawai. Ƙarfin sautin s yana taruwa ne sama da 4,000, na sh kuma ƙasa da haka kaɗan. Duk tashar da ta datse sama don rage nauyi ta rage tazarar da ke tsakanin sa da sha, da tsakanin sara da fara. Abin ya fi tsanani ga mai nazarin karin harshen yamma, inda fara kan zama hwara, tafi kuma ta zama tahi. Ɗalibin da ke ƙirga sau nawa mai magana ya furta f, sau nawa hw ko h, daga sautin da aka datse, yana iya ƙirga zatonsa ne. Bugu da ƙari, akwai nau'in AAC da ake kira HE-AAC, wanda tashoshi masu ƙarancin kilobit ke yawan amfani da shi. Shi ba ya aika ɓangaren sama yadda yake. Na'urar mai saurare ce ke sake ƙera shi daga na ƙasa bisa ɗan bayanin da aka haɗo mata. Kunne zai ji s mai kyau, amma wanda ya auna ta ya auna ƙirar na'ura.

Na biyu shi ne tsawo. Hausa tana bambanta gari na zama da gari na tuwo da tsawon wasali kawai, tana kuma bambanta daba da dabba da ɗaurin baƙi. Irin wannan bambanci da gomomin milisakan ake auna shi. A rediyon intanet da shirye-shiryen da aka ajiye, ƙunshin da ya ɓata a hanya akan sake aiko shi, don haka sautin yakan tsaya ya jira amma tsawonsa bai canza ba. A kiran kai tsaye, irin na WhatsApp, Zoom ko Google Meet, babu lokacin jira. Kowane ƙunshi galibi yana ɗauke da milisakan 20 na magana, kuma in wani ya ɓata manhaja takan ƙirƙiri abin da zai cike gurbinsa daga sautin da ya gabata. Haka kuma takan ɗan ja magana ko ta ɗan gaggauta ta domin daidaita randarta. Ƙunshi uku a jere milisakan 60 ke nan, wanda ya isa ya rikita awon wasali. Saboda haka hirar da aka yi da mai ba da bayani ta kiran intanet ba ta zama hujja kan tsawon wasali ko ɗauri.

Na uku su ne haɗiyau da tunkuɗau. Abin da ke raba daka da ɗaka, bari da ɓari, kafa da ƙafa, alamu ne gajeru ƙwarai a lokacin sakin baƙi da farkon wasalin da ke biye. Matsewa mai tsanani takan shafe gefen irin waɗannan alamu, tsarin rage hayaniya da manhajojin kira ke amfani da shi kuma yakan iya ɗaukar ƙaramar fashewa a matsayin hayaniya ya danne ta. Haka lamarin yake ga ra-gare da ra-kaɗe, waɗanda rubutun yau da kullum ma bai raba su ba.

Karin sauti ne ya fi jure wahalar hanya. Kaɗawar tantanin maƙwallato a muryar namiji baligi takan kasance tsakanin Hz 85 da 180, ta mace kuma tsakanin 165 da 255. Ƙaramar lasifikar salula ba ta iya fitar da mafi yawan wannan, amma kunne yakan gano shi daga amon da ke bisansa. Shi ya sa ko a layi maras kyau ba a cika rikita kuka na hawaye da kuka ta miya ba. Haka nan ginin jimla, ƙirar kalma, zaɓen kalmomi, aron kalmomin Faransanci da sauya harshe a tsakiyar magana duk ana iya nazarinsu daga sautin intanet, muddin ana jin maganar sarai.

Matakan kariya

Gani ya kori ji. Kafin a gina wani awo a kan fayil, a buɗe shi a Praat, manhajar da Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, ko a Audacity, a dubi hoton sautinsa. A Praat hoton yakan tsaya a Hz 5,000 in ba a canza ba, don haka sai an ɗaga iyakar zuwa sama. In aka ga wani miƙaƙƙen layi da babu komai a bisansa, misali wajen 4,000, 8,000 ko 16,000, to nan aka datse sautin. Mayar da fayil ɗin MP3 zuwa WAV ba ya dawo da abin da aka zubar. Girman fayil kawai yake ƙarawa. Kowace sabuwar matsewa kuma tana ƙara ɓarna a kan ta baya, kamar takardar da aka yi wa hoto daga hoton hotonta. Shirin da aka ɗauka daga rediyo, aka ɗora a Facebook, aka sauke, aka tura ta WhatsApp, ya sha matsa sau da dama kafin ya iso.

Idan mai ba da bayani yana nesa, a Dogon Dutsi ko Agadas misali, hanya mafi aminci ita ce a roƙe shi ya ɗauki muryarsa da manhajar rakoda mai ajiye WAV, a ɗaki maras hayaniya, ya turo fayil ɗin a matsayin takarda. Saƙon murya na WhatsApp matsattse ne da tsarin Opus tun daga ɗauka, amma fayil ɗin da aka turo a matsayin takarda yakan iso yadda yake. Kiran kai tsaye sai a bar shi domin gaisuwa, neman izini da bayanin abin da ake so.

Kowane fayil kuma ya samu rajistarsa: sunan tasha ko mai magana bisa yardarsa, ranar ɗauka, tsarin matsewa, yawan kilobit, da hanyar da aka bi aka same shi. Waɗannan bayanai su shiga babin hanyoyin bincike, domin malamin da zai duba aikin ya san nauyin da hujjar za ta iya ɗauka.

Kammalawa

Yawancin matsalolin saurare ta intanet suna warwarewa idan aka bi zangunan nan huɗu da natsuwa, ana canza abu ɗaya a kowane gwaji. Abin da ya rage ga ɗalibin harshe shi ne ya tambayi kowane sauti tarihinsa kafin ya amince da shi, ya kuma daidaita tambayar bincikensa da ingancin abin da ke hannunsa. Sautin intanet ya isa a yi nazarin jimla, kalmomi da karin harshe da shi. Awon wasali, ɗauri da zuzau kuwa yana bukatar ɗauka ta asali, ko da hakan na nufin shiga mota zuwa garin masu maganar da rakoda a jaka.